Inda Ciwon Yake

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Mintu ta sauka lafiya da hantsi. Namiji.

Malam Seini, wanda ya koya mana karatu a ajin yamma, ya ce kowa ya riƙa rubuta ko layi ɗaya ne kullum don kada hannu ya manta. Shekara uku ina rubuta ranakun da aka yi ruwa da kawunan da na aske. Yau na samu abin rubutawa.

'Ya'ya biyar Allah ya ba mu ni da Gambi. Ya karɓi huɗu, ya bar mana Mintu. Ga shi ina da shekara sittin da ɗaya na ga jika. Na fita ba takalmi har bakin kasuwa. Jibo mahauci, taubashina, ya hango ni ya ce, "Lokotoro, gobara ake yi a asibitin naka?" Haka yake kirana, wato likita, tun ranar da aka tara mu wanzamai a Doso aka koya mana dafa aska da sa safar hannu, aka ba kowa takardar shaida. Na ce masa yau ko me ya faɗa na yafe, bawa ba ya ɓata wa ubangidansa rai ranar farin ciki.

An buga wa mijinta Sumana waya a Kwatano. Ya ce yana hanya.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Takardun gayyatar suna ni na rubuta su da hannuna, talatin da biyu. Uku sun ɓaci na sake. Na aika wa duk 'yan ajinmu da Malam Seini. Rago yana ɗaure a gindin darbejiya.

Yaron yana da gashi cike da kai. Ni zan aske shi, na riga na wasa askar. Gambi ta ɗauke shi tana juyawa tana cewa sabon mijinta ya zo, tsoho ya tattara zabirarsa ya ba su wuri. Na ce ta bari ya fara kawo cefane tukuna.

Ita take yi wa Mintu wankan jego safe da yamma. Duk unguwar nan ita ake kira idan an haihu, sai ga shi yau tana yi wa tata.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan azahar

Zazzaɓi ya rufe Mintu, kuma ƙugunta yana sara. Majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya ɗiga jininta ya ce na sauro ne. Ya ba da ƙwayoyi na kwana uku, ya ce idan ta amayar a komo masa da ita.

Ta amayar da na farko.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Ta sake amayarwa. Na ce a dakata zuwa gobe.

Hajiya Dommo, uwar Sumana, ta zo barka. Ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "To haka za a yi sunan, mai jego tana kwance kamar buhu?" Da wasa ta faɗa. Amma ta tafi ta bar ni da maganar.

Mutum talatin da biyu na gayyata da hannuna. Ƙwaya tafiyar ƙasa take yi, allura ce mai sauri, kowa ya sani. Saura kwana uku.

Asabar, 7 ga Satumba, da azahar

Na je kasuwa. Na tsaya wurin mai teburin magani. 'Yar kwalba na saya, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ni na karanta sunan da ke jikinta da kaina, harafi bayan harafi, ban tambayi kowa ba. Mai teburin ma ya ce ashe tsoho ya iya.

Shekara arba'in ina wannan sana'a. Ba a kafa ƙaho a kafaɗa alhali ciwon yana ƙugu. Haka ubana ya koya mini, haka nasa ya koya masa: ka tambayi mutum inda ciwon yake, ka sa yatsa, nan za ka yi aiki.

Asabar, kafin magariba

Mintu ta nuna mini wurin da yatsanta, daf da ƙashin baya, ta hagu. Gambi ta riƙe zanin.

Ƙara ɗaya Mintu ta yi. Ko a naƙuda Gambi ta ce ba ta yi irinta ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan sallar asuba

Zazzaɓin ya sauka. Ƙafar hagu ta yi barci, in ji ta, ba ta farka ba tun jiya.

Lahadi, da la'asar

Abin da ya shiga ai yana fita. Na tsaga wurin, na kafa ƙaho, na tsotsa har kumatuna suka yi tsami. Sau uku. Jini kawai ya zo, irin na kowa.

Yanzu tsagar ta rufe wurin, ba a ganin komai sai aikin aska. Ba don haka na yi ba. Na rantse ba don haka na yi ba.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan la'asar

An yi suna. Kowa ya zo.

Tun kafin mutane su taru Gambi ta zaunar da Mintu a tabarma, ta jingina ta da bango, ta lulluɓe mata ƙafafu da sabon zane. Duk matar da ta shiga ta fito tana yabon yadda mai jego ta murje.

Sumana ya raɗa wa liman sunan, liman ya faɗa da ƙarfi. Hamani. Sunana ne. Ban san zai yi haka ba. Jama'a suka juyo suna mini murna, Jibo yana cewa an cuci yaro, an ba shi sunan mai gemun akuya. Malam Seini ya fito da takardar gayyata daga aljihu yana nuna wa mutane, yana cewa su dubi hannun wanda ya fara riƙe alƙalami da furfura.

Na aske yaron.

Kansa ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Allah ya yafe mini, na yi farin ciki.

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

Gambi ta tallafi Mintu zuwa bayan gida. Takalmin hagu ya zame a tsakar gida, ta ci gaba da tafiya ba ta san ya fita ba. Ni na ɗauko shi.

Yaro lafiya lau. Yana tsotso.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan azahar

Sumana ya kawo Majo har gida. Ya sa ta ɗaga tafin ƙafar, bai ɗagu ba. Ya soki yatsunta da tsinke, tana kallon rufin ɗaki. Da ya juya ta ya ga tsagar, sai ya yi mini faɗa a gaban surukina, ya ce Baba Hamani, kai da aka ba takarda, mai jego ake yi wa ƙaho? Na sunkuyar da kai. Faɗan ya yi mini daɗi, don ya fi abin da na cancanta sauƙi.

Ya tambaya ko an yi mata allura a wani wuri. Gambi tana gyara wa yaro hula.

Mintu ta ce a'a.

Ya ce to wataƙila kan yaro ne ya danne jijiya wurin fitowa, yakan faru, yana sakewa da kansa. A ba shi mako biyu.

Asabar, 14 ga Satumba, da la'asar

Ban je kasuwa ba.

Litinin, 16 ga Satumba, da hantsi

Ƙafar da ba ta jin tsinke tana jin wuta. Ta ce kamar ana zuba mata barkono daga ƙugu har diddige. Idan ya taso mata takan cusa bakin zane a baki don kada yaro ya firgita. Ni ina zaure ina jin shirun.

'Yar kwalbar tana cikin zabira, ƙarƙashin ƙahonin. Na ɗauko ta zan jefa a masai, na mayar.

Yaro lafiya. Yana tsotso.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Hajiya Dommo ta samo dalili. Ta ce ruwan wankan ne ya yi zafi da yawa, ya dafa jijiya. A tsakar gidana ta faɗa, a gaban matan da suka zo dubiya. Ta ce wasu idan aka cika yabonsu sai hannu ya fi hankali sauri.

Gambi tana tsugune tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ina tsaye a ƙofar zaure da buta a hannu. Na shiga na yi alwala, alhali da alwalata.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

An haihu a gidan maƙeri, gida uku daga namu. Ba a aiko wa Gambi ba. Wata aka ɗauko daga ƙetaren fadama.

Wani ya kawo mini ƙaninsa a yi masa ƙaho. Na ce na yanke a hannu. Ya dubi hannun, ya dube ni, suka tafi.

Asabar, 21 ga Satumba, da hantsi

Gambi ta kawo mini fura zaure. Ba ta koma ba, ta tsaya.

Ta ce, "Baban Mintu, har yaushe?"

Na ce Majo ya ce mako biyu.

Ta ce, "Ba Majo nake tambaya ba. Ni na riƙe zanin, ban ce ka bari ba. Wannan kasona ne, na ɗauka, kuma ga na ruwan zafi an ɗora mini a kai. Naka fa, wa zai ɗaukar maka?"

Na ce ta rage murya.

Ta ce shekara talatin da takwas tana rage murya. Ta ɗauki ƙwaryar ta tafi da ita ban sha ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, da la'asar

Sumana ya fasa komawa Kwatano. Kullum yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baba, a taya mu da addu'a. Yau ya kawo mini goro.

Wurin tsagar ya kumbura, ya yi zafi, yana ƙyalli. Zazzaɓi ya dawo.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan azahar

Gambi ta je rijiya. Na shiga ɗakin na zauna nesa da gadon. Rabon da in zauna a nan tun waccan Lahadi.

Mintu ba ta iya kiran sunan yaron, tunda nawa ne, sai ta ce Babana. Tana ba shi nono tana shafa inda na aske, gashin ya fara tsirowa. Na buɗe baki. Ban san me zan ce ba, amma ta riga ni.

Ta ce, "Baba, kada ka faɗa."

Na ce uwarki fa.

Ta ce, "Inna za ta jure, maganar mata kwana nawa ce. Kai idan ka faɗa, wa zai sake miƙa maka kansa a garin nan? Ai don ni ka yi."

Ba don ita na yi ba. Don mutum talatin da biyu na yi. Wannan ban faɗa mata ba, a nan kawai na rubuta.

Talata, 24 ga Satumba, kafin magariba

Majo ya ga kumburin ya ce wannan ya wuce shi. Mun kai Mintu Doso: ni, Sumana, Gambi, Hajiya Dommo, da yaro a bayan Gambi.

Likitar mace ce, yarinya, daga gabas take, tana jin yarenmu amma da ƙyar take mayarwa. Ta daɗe tana duba bayan. Ta buga gwiwa da 'yar guduma, ta dama ta zabura, ta hagu ma ta ɗan motsa, amma tafin yana rataye. Hajiya ta ba ta labarin ruwan zafi. Ta saurara har ƙarshe ta ce ruwan wanka ba ya yin wannan.

Ta tambaya sau biyu ko wani abu ya shiga wurin ban da aska. Mintu ta ce a'a sau biyu. Likitar ba Mintu take kallo ba.

Ta ce tunda haka ne ba ta san da me take faɗa ba, kuma ba za ta sa wuƙa kusa da ƙashin baya a makance ba. Sai an kai ta Yamai an ɗauki hoton bayan, a ga ko wani abu ne yake cin ƙashin. Ta ce kowace rana da ta wuce jijiyar tana ƙara nisa. An kwantar da ita zuwa Asabar, ranar da motar asibiti za ta tafi.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Hajiya ta yanke magana. Ba za a kai jariri Yamai ya kwana cikin marasa lafiya ba. Zai zauna wurinta, a ba shi madarar gwangwani. Kuma ba za a bar shi a hannun Gambi ba.

Kwanansa ashirin da uku.

Sumana ya bi maganarta, uwarsa ce. Mintu ta juya fuska bango.

Alhamis, 26 ga Satumba, da azahar

Na dawo gida ni kaɗai, na ce zan ɗauko kaya. Na zauna a zaure na gwada faɗin laifina da baki, ba kowa sai tumaki. Bai fito ba.

Na yago takarda daga tsakiyar littafin nan. Sau huɗu na sake. Ba harafin ne ya ba ni wuya ba.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, duka, don Malam Seini ya ce abin da aka rubuta rabi ƙarya ne da tufafi.

Na isa da hantsi likita tana zagaye. Dukansu suna bakin gadon. Niyyata in miƙa mata takardar da 'yar kwalbar a naɗe, ta karanta a zuciyarta, ta yi abin da za ta yi, ni in fita. Haka na tsara tun daga tasha.

Ta karɓa. Ta ɗaga kwalbar ta duba sunan, ta sa a aljihun rigarta. Ta buɗe takardar ta juya ta, ta ce ita karatun Faransanci ta yi, ba ta iya karanta yarenmu a rubuce ba. Ta miƙo mini.

Ta ce, "Baba, karanta mini."

Sumana ya miƙo hannu zai karɓa ya taimake ni. Na hana shi.

Na tsaya kamar yadda muke tsayawa a aji. Na sa yatsa a ƙarƙashin layi. Na karanta:

"Ni Hamani wanzami na yi wa 'yata allurar kwinin ranar Asabar bakwai ga wata. Na sa ta a baya inda ciwon yake, na tura har ƙarshe. Washegari na yi ƙaho a wurin. Ba ruwan wanka ba ne. Ba Gambi ba ce. Yarinyar ta ce a'a ne don ta rufa mini asiri."

A aji idan ka gama sai a tafa maka. Na ji wata mata a gadon kusa tana salati a hankali.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi tsawon allurar, na gwada mata da yatsa. Ta tambaya ko ƙarar da ta yi nan take ne, na ce nan take. Ta juya bayan takardar tawa ta zana ƙashin baya, da jijiyoyi suna fitowa daga gefensa kamar saiwar gero. Ta ce nan na sa bakin allurar, a gindin saiwar da take tafiya ƙafa. Ta ce maganin kansa mai kyau ne idan ya bi hanyarsa, amma idan ya taɓa jijiya ƙona ta yake yi kamar garwashi. Ga kuma ƙurji ya taru a kai yana dannewa. Ta ce da an faɗa tun makon farko da an rage asara.

Ta ce an fasa Yamai. Yau za ta buɗe ƙurjin.

Na tambaya ko ƙafar za ta dawo. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba. Wataƙila rabi, wataƙila fiye, wataƙila ta ja ta har tsufa. Jijiya a hankali take tsiro, kamar farce.

Hajiya Dommo ta ce, "Kuma sunanka aka sa wa yaron."

Na ce haka ne.

Sumana ya fita. Ban ga fuskarsa ba. Gambi ta kwance yaron daga baya ta miƙa wa Mintu, a gaban Hajiya, ba wanda ya hana ta.

Asabar, 28 ga Satumba, da asuba

An buɗe. An fitar da abu mai yawa. Zazzaɓin ya sauka.

Yana tsotso.

Talata, 1 ga Oktoba, da azahar

Labari ya riga ni isa gida. Na ratsa kasuwa ba wanda ya ce mini komai, kowa ya amsa sallama da kyau. Jibo ya ajiye wuƙa ya goge hannu ya ce, "Sannu, Malam Hamani. Ya mai jiki?" Tun muna yara bai taɓa gaishe ni da ladabi ba. Da ya watsa mini ruwan tumbi ya fi.

Na sauke takardar shaidar daga bango. Na rataye zabira a ƙusar.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban je aji ba. Malam Seini ya biyo ni gida. Na ce masa karatun ne ya kai ni, da ban iya karanta sunan ba da ban saya ba. Ya ce sunan kawai na karanta, akwai ƙananan layuka a ƙasa da ban kai gare su ba. Ya ce Litinin yana jirana, kujerata ba ta yi laifi ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, kafin magariba

An sallamo su. An ba ta wani takalmi mai ƙarfe da yake riƙe tafin kada ya faɗi. An ce kullum, safe da yamma, sai an kama ƙafar an tanƙwara tafin sama sau talatin, an murza ƙwauri, don kada ta bushe kafin jijiyar ta iso.

Gambi ta gwada, Mintu ta ce tana tausaya mata da yawa. Sumana ya gwada, ta ce zai karya ta. Sai ta ce a kira Baba.

Na ce a'a daga zaure. Gambi ta leƙo ta ce, "Taso. Da ba a kira ka ba ka zo, yanzu da ake kira kake noƙewa."

Ƙafar ta rame, ta yi sanyi. Na ƙirga talatin. Ban ɗago ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Hajiya Dommo ta aiko wa Gambi da sabulu da turmin atamfa, ba saƙon baki. Gambi ta ajiye a kan randa, ta ce sabulu yana wanke zane, ban da abin da aka faɗa a gaban mata goma. Amma da yamma na ga ta kai shi cikin akwati.

Na ce mata ta yafe mini. Ta ce ta ji. Ta ce in je in kafa wa yarinya sanduna a tsakar gida ta riƙa dafawa.

Na kafa, layi biyu, daga ɗaki zuwa gindin darbejiya.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Sumana yana zuwa, yana gaishe ni a tsaye. Yau na tare shi na ce idan yana so a riƙa kiran yaron da wani suna, ba zan ji komai ba.

Ya ce, "Baba, an riga an yanka rago. Sunan na wanda ya tsaya ya karanta takardar ne. Ɗayan kuwa, mai allurar, ka ba ni lokaci."

Na ce ya ɗauki duk lokacin da yake so.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ina tanƙwara mata tafin, a na ashirin da shida babban yatsan ya motsa. Ba ni na motsa shi ba. Na saki ƙafar na ce ta sake. Ya sake, kaɗan, kamar kan ƙadangare.

Na tashi zan fita da gudu, har na kai zaure. Sai na tuna ba ni da bakin yin shela. Na tsaya a nan ni da tumaki ina ta hamdala.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana arba'in. Ta koma ɗakinta.

An kawo amalanke har ƙofar gida. Sumana ya ce zai ɗauke ta, ta ƙi. Ta ce da ƙafarta ta shigo gidan ubanta. Ta cire takalmin ƙarfen don a sa mata lalle da safe, ba ta mayar ba. Ta kama sandar da na sassaƙa mata, Gambi tana biye da yaro. Taku goma sha tara daga ɗaki zuwa ƙofa.

A bakin amalanke ta ce, "Baba, gobe da hantsi."

Na ce Sumana zai koya.

Ta ce, "Ƙafar hannunka ta sani. Kada ka makara."

Uba ba ya sintiri gidan surukai, kowa ya sani. Gidan kuma yana bayan kasuwa, ba wata hanya sai ta tsakiyarta. Hajiya Dommo tana tsaye ta ji, ba ta ce a'a ba.

Da suka tafi na dubi tsakar gida. A kan rairayi, ta dama sawu, ta hagu layi ɗaya dogo har ƙofa. Duk abin da na rubuta tun da na fara riƙe alƙalami ba wanda ya fito sarai kamar wannan. Gambi ta ɗauko tsintsiya, ta share ko'ina, ta kewaye shi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Na je. Na bi ta tsakiyar kasuwa, hannu ba zabira.

Jibo ya bari sai da na wuce teburinsa, sannan ya ce, "Kai bawa, haka ake wuce ubangida ba gaisuwa? Ina za ka kana sauri kamar an kira ka suna?"

Na ce ina da aiki.

Ya naɗe hanta a takarda ya cilla mini. Ya ce ta mai jego ce, kuma in ya ji na taɓa, shi da kansa zai yi mini ƙaho inda ba ciwo.

Talatin da safe. Yatsan ya motsa sau biyu. Takwarana yana kwance a gefe yana kallona har na gama.